Littafin gidan Sheka

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau na sayo littafi mai kauri a Sabon Gari, na rubuta "Gidan Sheka" a bangonsa. Daga yau duk kuɗin da ya shiga, da wanda ya fita, da maganar da aka yi a gidan nan, a cikinsa za su kwana. Shekara 35 na yi ina koyarwa, kullum da rajista a hannuna. Amma gidan da na zuba garatutina da rabona na gadon mahaifinmu a cikinsa, shekara biyu ke nan ba ni da wata takarda a kansa sai ta ciniki.

Gidan ciki da falo ne guda huɗu, da ɗaki ɗai-ɗai guda biyu ta baya, da shago biyu a bakin titi. Banɗaki uku, rijiya ɗaya a tsakar gida, mitar wuta ɗaya. Da mutanensa a ciki na saye shi, sai na bar wa dillalin da ya haɗa cinikin ya ci gaba da karɓar haya, don kunyar tambayar kuɗi nake ji. A watan jiya ya ce mini mutum uku ba su biya ba. Na je da kaina ba tare da na gaya masa ba. Malamin makarantar da ke ɗakin farko bai ce komai ba, ya shiga ciki ya fito da wayarsa, ya nuna mini saƙon banki: tun Oktoba ya tura wa dillalin kuɗin shekara cif. Sauran biyun a hannu suka ba shi, ba rasit, ba shaida.

Ban yi barci ba a daren nan. Kuɗin ya dame ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne makonni ina yi wa bayin Allah kallon masu taurin bashi.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Na tara kowa bayan la'asar, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Yayana ya raka ni, mai unguwa kuma ya turo wakilinsa. Na ce daga yau babu kowa tsakanina da su. Kuɗi ta banki, ko a hannu da rasit mai sa hannuna. Mutum biyun da suka biya ba shaida na ce na yarda da maganarsu, ba zan sake karɓar ko kwabo ba. Yaya ya kalle ni, na san bai so ba, amma ni na ɗora musu mutumin, su ba su zaɓe shi ba.

Sai na ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Na ɗauka minti goma za a yi, sai da aka kira magariba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: silin ɗin ɗakunan baya ya rufto tun daminar bara, ƙofar banɗakin tsakiya da buhu aka tare ta, murfin rijiya ya ruɓe ga yara ƙanana a gidan. An sha gaya wa dillali, yana cewa Hajiya ta ce babu kuɗi. Ni kuwa ko sau ɗaya maganar ba ta iso ni ba.

Na rubuta goma sha ɗaya. Murfin rijiya na sa a farko, gobe mai walda zai zo ya gwada.

Dillalin ya amsa a gaban mai unguwa cewa ya taɓa kuɗin, zai riƙa biya kaɗan-kaɗan. An rubuta, ya sa hannu.

Talata, 27 ga Fabrairu

Maganar shago na biyu. Wanda sunansa ke kan shagon ba shi ke zaune a ciki ba. Wani yaro ne mai cajin waya da POS, kuma da na tambaye shi nawa yake biya, ya faɗi kusan ninki biyu na abin da ake ba ni. Ashe mutumin ya koma Kantin Kwari tun shekara ɗaya da rabi, ya saka yaron, yana cin riba a kan ginina. Na kira shi, ya ce shi ya kama shago tun kafin in san unguwar, abin da ya yi da shi ba ruwana.

Yaya ya fusata. "Ki bar ni da shi. Gobe in sa a cire ƙofar, ko a ɗaye kwano biyu, da ƙafarsa zai zo ya kwashe komatsansa."

Na ce, "Yaya, bari in ji ta bakin masu doka tukuna."

Akwai wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya, har yanzu Malama yake ce mini. Ya ce, "Malama, kada ki bari a taɓa ko ƙusa ɗaya. Ranar da kika cire ƙofa, ko kika canza kwaɗo, ko kika fitar da kayan mutum waje, ranar kin koma mai laifi, shi ya koma mai ƙara, har diyya sai ya nema." Ya zayyana mini yadda abin yake idan babu rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi wani wa'adi daban: mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Bayan nan alƙali ne kaɗai ke da ikon fitar da shi, ma'aikatan kotu ne kuma ke zartarwa. Da a ce akwai takardar da ta hana shi saka wani, da maganar ta fi sauƙi. Babu ita.

Shekarar shagon a ƙarshen Agusta take cika, shi ya sa lauyan ya ce a gaggauta kafin watan nan ya fita, don wata shidan su ƙare daidai da ita. Yau aka kai masa takardar har Kwari, ya karɓa a gaban shaida, an ɗauki hoto. An kuma gargaɗe ni kada in karɓi kuɗin sabuwar shekara daga hannunsa ko ya kawo, kada a ce na sabunta masa.

Laraba, 20 ga Maris

Azumi ya kai goma. Gyara ya tsaya, don siminti ya haura dubu goma buhu a watan jiya, kuɗin da na ware wa dabe da filasta ko rabi ba zai yi ba. An dai yi murfin rijiya da ƙofar banɗaki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai ɗakin baya na hagu, direban adaidaita sahu. Wata goma sha ɗaya ake bin sa, wannan kam gaskiya ne, shi da kansa ya faɗa. Tun da na fara zuwa gidan yake guje mini, ya fita kafin asuba ya dawo bayan isha. Jiya na kai musu gero da sukari kamar yadda na kai wa kowa, na tarar da matarsa tana dama kunu a ƙofar ɗaki, yara uku sun kewaye tukunyar da kofuna. Ta miƙe tana rawar murya, "Mama, wallahi ba ƙi ya yi ba." Na ce, "Zauna 'yata, ba wannan ya kawo ni ba."

Da daddare ya kira ni da kansa. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas ko an samu ko ba a samu ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun bara, litar da yake saye ƙasa da naira 200 ta koma sama da 600, fasinja kuma sun koma tafiyar ƙasa. Abin da zai rage masa bayan mai da balas, cefane ne da ƙyar. Kuɗin shekara a dunƙule kuwa, ya ce ko a mafarki ba ya ganinsa.

Na yi ta juya maganar. Ni ma da kuɗin nan nake sayen magani, fansho ba ya kai ni ƙarshen wata. Amma a Suratul Baƙara an ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma ayoyi biyu a gaba, a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aka ce a rubuta bashi. Da can na ɗauka rubutu rashin yarda ne, shi ya sa nake kunyarsa. Ga shi an haɗa su wuri guda, sassauci da alƙalami.

Mun yi da shi zai riƙa kawo dubu uku duk Juma'a: biyu na zaman da yake ciki, ɗaya na tsohon bashi. Na yafe wata uku saboda watan da muke ciki. Bayan salla za mu rubuta a gaban mai unguwa.

Litinin, 22 ga Afrilu

Rigima ta tashi, har da zage-zage, kuma a kan wuta.

Mita ɗaya ce, ta kati. Tsarin da na tarar shi ne a ƙirga ƙwan fitila da fanka da talabijin na kowane ɗaki, a raba kuɗin kati a kan haka. Tun da aka sanar a farkon watan nan cewa masu rukunin A, wato waɗanda aka ce sun fi samun wuta, za su koma biyan naira 225 kan kowane yunit, kowa ya shiga sa ido kan abin da maƙwabcinsa ke kunnawa. Ga zafin bazara, kati yana ƙarewa cikin kwana huɗu. Matar malamin makaranta ta ce tela mai shago na ɗaya ne ke shanye wutar da dutsen guga. Tela ya ce a je a duba firizar mai ɗaki na uku, wadda ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, dare da rana tana ruri. Ita kuma ta ce akwai mai dafa ruwa da hita a ɓoye, ta san shi, ba za ta faɗa ba. Ranar Asabar wani ya zare wayar ɗakinta daga sama, ƙanƙararta ta narke, ta fito tsakar gida tana kuka tana Allah ya isa.

Na zauna da kowa shi kaɗai. Abin da na gane, babu maƙaryaci a cikinsu. Dutsen guga yana ci, firiza tana ci, hita ta fi su duka. Lissafin ne ba adalci a cikinsa, tun da ƙwai ɗaya da dutsen guga ɗaya kusan kuɗi ɗaya ake sa musu. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma wannan saɓanin ni na bar musu shi. Duk abin da aka ce na kowa ne a gidan haya, wuta, rijiya, shara, wankin banɗaki, in mai gida bai yanka shi ya ba kowa nasa ba, shi ne zai haɗa mutanen kirki faɗa.

Mai gyaran wuta ya ce a sa wa kowane ɗaki da shago ƙaramar mita ta ƙirge a bayan babbar, guda takwas, kowa ya biya abin da tasa ta nuna. Da kuɗin dabe zan yi. Dabe ya jira.

Juma'a, 14 ga Yuni

Jibi babbar salla. Ƙananan mitoci sun yi wata guda da rabi suna aiki. Malamin makaranta ke karantawa duk ranar ɗaya ga wata, ya rubuta a allon da muka kafa a soro. Tela ne ya fi kowa ci, mai firiza na bin sa, kuma dukansu sun biya ba musu. Mai hita ma ya bayyana, lambarsa ce ta tona shi, ya daina.

Kowa ya sa hannu a yarjejeniya, shafi biyu, da Hausa, don na ce ba zan ba mutum abin da sai an fassara masa ba. Ranar shiga, ranar cikar shekara, kuɗi, wa'adin notis. Gyaran gini da kwano da sokawe nawa ne. Ƙwan fitila, kan famfo, gilashin da yaro ya fasa na mai ɗaki ne. Ba a saka wani sai da izinina a rubuce. Ba zan ƙara haya ba sai na faɗa wata uku kafin shekara ta cika. Tela ne ya nemi a sa wannan na ƙarshe, kuma ya yi daidai.

Direba bai tsallake Juma'a ko ɗaya ba. Yau ma ya kawo, 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari-ɗari, a naɗe da roba, suna warin fetur.

Lahadi, 11 ga Agusta

Kwanaki ban samu zuwa ba saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga wata da dokar hana fita da ta biyo baya. A cikin kwanakin nan aka yi ruwa mai ƙarfi, sokawe ta cika ta tumbatsa, ta bi ta ƙarƙashin katanga ta shiga gidan maƙwabci. Dattijo ne mai haƙuri, amma da na je jiya ya kama hannun jikansa ya nuna mini ƙurajen da ke ƙafarsa, ya ce, "Hajiya, in ba don mutuncinki ba da tuni na kira duba-gari." Na rasa abin cewa, na ba shi haƙuri, na ɗauki kuɗin maganin yaron.

Motar kwasa ta zo sau biyu. Da aka buɗe aka ga abin da ya jawo: an haɗa ruwan wanka da na wanki duk cikin rami ɗaya da masai, ramin kuma na gidan mutum ɗaya aka gina shi tun asali, kafin a yanka gidan a mai da shi na haya. Mutum ashirin da uku ke kwana a gidan nan yanzu, na ƙirga. Lokacin da zan saya na duba fenti, na duba tayil, na ƙwanƙwasa bango. Ban tambayi inda ruwa ke tafiya ba, kuma ba wanda ya ce in tambaya.

Birkila ya ce a raba: ruwan wanka ya bi bututu zuwa kwata, a haƙa sabon rami a gefen soro idan ƙasa ta tsane. Kuɗin ya kai hayar ciki da falo biyu ta shekara. Na sayar da awarwarona biyu.

Alhamis, 19 ga Satumba

Wata shida sun cika, mai shago bai tashi ba. An ba shi ta kwana bakwai, ita ma ta cika. Lauya ya shigar da ƙara. A tsakanin nan ya turo mini kuɗin shekara ta banki ba tare da ya yi magana ba, na mayar masa a ranar, na ajiye shaidar.

Yaron da ke cikin shagon ya zo gida ya same ni, ya durƙusa. "Mama, ni fa na biya shi har Disamba. In aka rufe, ina zan sa kaina?" Shi ne wanda bai ci ba bai sha ba, kuma shi abin zai fara faɗa wa. Na ce ya kawo duk shaidar biyan da yake da ita, ya kuma kwantar da hankalinsa, ba da shi nake shari'a ba.

Talata, 29 ga Oktoba

Fiye da mako guda babu wuta a Kano da yawancin Arewa, manyan layukan da ke kawo ta sun lalace. Mai ƙanƙara ta kashe firiza ta buɗe murfinta, tana shanya. Tela ya koma keken ƙafa da dutsen gawayi. Ruwan 'yan garuwa ya yi tsada saboda masu burtsatse da janareta suke tayarwa, fetur kuma ya haura dubu. Rijiyarmu ce ta rufa wa gidan asiri, har maƙwabta na shigowa ɗiba, ciki har da gidan dattijon nan.

Shekarar mai ƙanƙara jibi take cika. Ta zo da rabi, ta ce sauran sai wuta ta dawo. Na karɓa, na rubuta, muka sa ranar 15 ga Disamba. Direba ya tsallake Juma'a biyu a watan nan, amma duk biyun ya kira tun ranar Alhamis ya faɗa. Wannan kiran ya fi mini dubu ukun.

Dama na yi niyyar sanar da ƙarin haya a watan nan ga waɗanda shekararsu ke cika a Janairu. Na ɗaga alƙalami na ajiye ya fi sau uku. Gaskiya dole a ƙara, kuɗin da aka yanka tun siminti na dubu huɗu ba zai riƙe gida yau ba. Amma ban iya kai wa mutane takardar ƙari suna zaune cikin duhu ba. Na bar shi zuwa zagaye na gaba, na san kuma ni zan ji a jikina.

An zauna kotu sau ɗaya, mai shago bai zo ba, an ɗaga.

Asabar, 7 ga Disamba

A zama na biyu mai shago ya zo, da wani dattijo daga layinsu na kasuwa. Tun kafin a kira mu dattijon ya nemi a yi sulhu, alƙali ya ba mu dama. Muka zauna a benci a waje. Mai shagon ya fara da cewa shi an ci masa mutunci, an kai masa takarda gaban abokan kasuwa. Na ce, "Alhaji, sau uku na kira ka kafin takarda, ka ce ba ruwana." Dattijon ya ce masa, "Ka ji tsoron Allah, dukiyar marainiya ce da gumin aikinta." Ya yi shiru.

An rubuta: zai miƙa makulli ƙarshen wata, zai biya ni wata huɗun da ya ƙara bayan Agusta a kan tsohon farashi. Ribar da ya ci a baya na bar shi da ita. Lauya ya so a bi ta, na ce a'a, wata goma ina kwana da mutumin nan a raina, ya isa. An kai wa alƙali takardar ya tabbatar da ita.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Makulli ya zo hannuna ranar 31 ga Disamba. Washegari yaron POS ya sa hannu a yarjejeniya da sunansa, a kan kuɗin da ya fi abin da nake samu da, ya kuma gaza abin da yake biyan wancan. Mai ƙanƙara ta cika alkawari da jinkirin kwana biyar. Dillali ya biya kashi biyu cikin uku, tun Oktoba kuma ya daina ɗaga wayata, na kai wa mai unguwa takardar da ya sa wa hannu, ya ce, "Ki bar mini, Hajiya," na ce, "Ranka ya daɗe, na bar maka."

Jiya na zauna na haɗa lissafin shekara. Cikin duk naira goma da gidan ya kawo, kusan bakwai sun koma cikinsa: sokawe, mitoci, murfin rijiya, ƙofofi, kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu. Awarwaro ban sa su a lissafin ba. Daga watan gobe zan riƙa cire kashi ɗaya cikin biyar na duk hayar da ta shigo in ajiye a wani asusu daban, na gyara kawai.

Takardar ƙarin haya na rubuta ta, za ta fara aiki a kan kowa ranar da shekararsa ta cika daga Mayu zuwa sama. Da kaina zan kai ɗaki-ɗaki, da littafin nan a hannu, duk mai son ganin inda kuɗinsa ya tafi ya buɗe ya gani. Ɗakin direba ban sa shi a ciki ba sai ya gama tsohon bashi. Saura Juma'a goma sha tara a lissafina, shi ya ce goma sha takwas, za mu zauna mu ƙirga rasit.

Saura kwanon ɗakunan baya da silin, tun Fabrairun bara suke lamba ta huɗu a jerin goma sha ɗayan nan, damina guda ta wuce a kansu da bokiti. Kafinta zai zo Laraba ya hau ya gani ko faci zai yi ko sai an sauya bandir guda.